RUWAN DA IDO YA YARDA DA SHI: Ragowar Magunguna da Kayan Shafe-shafe a Rijiyoyin Karkara

(Matanin laccar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malamai da 'yan agaji)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ruwa ya zama abin shan bayinSa kuma abin tsarkinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana a wannan zama shi ne wata irin ƙazanta da take shiga ruwan sha na mutanen karkara, wadda ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta, harshe kuma ba ya jin ɗanɗanonta. Watau ragowar magungunan da muke sha ko muke bai wa dabbobinmu, da ragowar sabulai da mayukan da muke shafawa. Muna roƙon a saurara da natsuwa, domin lamari ne da wasu suke rainawa, wasu kuma suke kambama shi har su tsorata jama'a, alhali kuwa gaskiyarsa tana tsakani.

Tsarki daban, lafiya daban

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Iziyya ko Risala ya san cewa ana duba ruwa ta fuskar siffofinsa uku: launi, ɗanɗano, da ƙamshi. Matuƙar ɗayansu bai jirkita ba, to ruwan yana nan a kan asalinsa, a yi alwala da shi, a yi wanka. Wannan hukunci yana nan daram, kuma babu abin da za mu faɗa a yau da zai buɗe wa wani ƙofar waswasi a alwalarsa. Shari'a ta ɗora tsarki a kan abin da kowane mutum zai iya ganewa, malami ne ko makiyayi, wannan kuwa sauƙi ne daga Ubangiji.

Sai dai tambayar "ya halatta a yi tsarki da wannan ruwa?" daban take da tambayar "zai cutar da wanda ya dawwama yana shansa?" Ta farko malamin fiƙihu ne yake amsa ta. Ta biyu kuwa ana komawa da ita ga masana lafiya da masu awon ruwa, sa'an nan ta shiga ƙarƙashin ƙa'idar nan da malamai suka haɗu a kanta, ta hana mutum cutar da kansa da cutar da waninsa. Ya tabbata kuma a hadisai cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar daga yin bayan gida a mashayar jama'a. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ruwan da muke magana a kansa ko tsamin ma ba ya yi, shi ya sa ake bukatar ilimi kafin a gane shi.

Abin da ya faru a Patancheru

A ƙasar Indiya, kusa da birnin Haidarabad, akwai wani yanki da ake kira Patancheru, wanda yake cike da masana'antun harhaɗa magunguna, kewaye da ƙauyuka na manoma da masu kiwo. A da, masana'antu kusan 90 suna kai gurɓataccen ruwansu wata tashar tacewa guda ɗaya, daga nan a sake shi cikin ƙorama.

A shekarar 2007 wani masani daga Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, mai suna Joakim Larsson, shi da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa ruwan da yake fita daga wannan tasha, watau bayan an ce an tace shi. Suka sami maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake kira sifrofuloksasin, wanda a nan muka fi sani da sifro, ya kai miligiram 31 a kowace lita. Domin a fahimci girman wannan adadi: jarka ɗaya mai cin lita 25 ta wannan ruwa tana ɗauke da abin da ya fi ƙwayar sifro ɗaya da rabi mai miligiram 500. Ƙarfin maganin a cikin ruwan ya zarce ƙarfinsa a jinin marar lafiyar da yake shansa. Suka kuma ƙiyasta cewa abin da yake fita kowace rana ya kai kilo 45, daidai da abin da dukkan mutanen Suwidin, su miliyan tara a lokacin, suke sha a kwana biyar.

A shekarar 2009 sai suka wallafa sakamakon awon da suka yi a ƙauyuka. Suka auna rijiyoyi a ƙauyuka shida, da tafkuna biyu. A tafki sun sami sifro ya kai miligiram 6.5 a lita. A rijiyoyi da dama kuma sun sami sifro, da maganin mura da ƙaiƙayi, da maganin ciwon damuwa, da maganin cutar fata, sun haura maikirogiram ɗaya a lita. Mutanen waɗannan ƙauyuka ba su je asibiti ba, babu likitan da ya rubuta musu komai, amma ga yaro da tsoho da mai juna biyu suna shan haɗin magunguna da safe da maraice daga rijiyar da suka gada. A shekarar 2011 kuma aka gano cewa lakar kogin da ruwan yake bi ta cika da ƙwayoyin cuta masu ɗauke da halittar bijire wa magani.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Indiya? Ruwanmu ne ta fuska biyu. Ta farko, kaso mai yawa na magungunan da ake sayarwa a kantunanmu daga Indiya da Sin ake shigo da su. Arahar da muke samu a kemis, wani ɓangare nata wani talaka ne a can ya biya da rijiyarsa. Ta biyu, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Domin kuwa magani yana iya isa rijiya ko da babu masana'anta ko ɗaya a kusa.

Inda babu masana'anta

Idan mutum ya sha magani, jikinsa ba ya cinye shi duka. Wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida, sau da yawa da ƙarfinsa. Daga nan sai ya shiga masai, daga masai ya tsiyaya cikin ƙasa, ya tarar da ruwan da rijiya take tsotsa. A yankin Cape Cod na ƙasar Amurka, wanda ƙasarsa rairayi ce kuma yawancin gidaje suna da sokawe, an wallafa bincike a 2016 a kan rijiyoyin gida guda 20. An sami sinadarai iri 27 a cikinsu, har da sinadarin da yake cikin maganin Septrin, kuma alamu sun nuna daga ramukan bahaya na gidajen suka fito. Idan haka ta faru a inda ake gina sokawe da ƙa'ida, yaya ke nan ga garin da yake kan jigawa, masai da rijiya suna kallon juna a tsakar gida ɗaya?

A shekarar 2022 kuma Jami'ar York ta Ingila ta jagoranci bincike mafi faɗi a wannan fanni. An ɗebi ruwa a wurare 1,052 a koguna 258 na ƙasashe 104, ana neman sinadaran magani iri 61. Wurare biyu kaɗai aka samu babu komai: ƙasar Aisiland, da wani ƙauye na ƙabilar Yanomami a dajin Benezuwela, waɗanda ba sa amfani da maganin zamani. Mafi gurɓata sun fito ne daga Afirka kudu da Sahara, da kudancin Asiya, da Amurka ta Kudu. Biranen Lahor a Pakistan, La Paz a Bolibiya, da Adis Ababa a Habasha su ne a gaba. Abin da aka fi samu shi ne maganin farfaɗiya, da maganin ciwon sukari, da sinadarin da yake cikin kofi da shayi. Wuri ɗaya cikin kowane huɗu yana da aƙalla magani ɗaya da ya wuce haddin da ake ganin babu cutarwa ga halittun ruwa, ko ya kai inda zai koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. Daga cikin dalilan da masu binciken suka ambata akwai zubar da shara a bakin kogi, da juye abin da aka kwaso daga sokawe a cikin ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo a gare mu.

Mu duba garuruwanmu da idon basira. Mai tallan magani yana yawo da kwali a kasuwar ƙauye da tasha, yana sayar da kafso biyu ko uku ga duk wanda ya ce cikinsa ko kansa yana ciwo. Abin da ya rage, ko wa'adinsa ya ƙare, sai a watsa shi a juji, ko a jefa a masai, ko a tsohuwar rijiyar da ta ƙafe aka mayar da ita bola, alhali tsohuwar rijiya hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Idan damina ta sauka, ruwa ya wanke juji ya kai kududdufi.

Sa'an nan ga dabbobi. Masana sun nuna cewa daga kashi 30 zuwa kashi 90 cikin ɗari na maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bai wa dabba yana fita ta kashi da fitsari. Makiyayi yakan yi wa shanunsa allura a bakin mashaya, ya ɗauraye sirinji a tafki, ya yar da kwalba a nan. Masu gidan kaji sukan zuba magani a ruwan shan kaji tun suna 'yan tsaki, sa'an nan a sayar da kashin ga manoman fadama, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa. Ita kanta rijiyar garin, sau da yawa kwamin shayarwa yana manne da bakinta, taɓo da kashin dabbobi sun kewaye ta.

Sabulu da man shafawa

Abin da muka shafa a jiki ma, wanka ne yake wanke shi, rariya ta kai shi waje. A garin Kabwe na ƙasar Zambiya, binciken da aka wallafa a 2015 ya sami sinadarin DEET, wanda yake cikin maganin sauro na shafawa, ya bazu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana kuma ƙaruwa da shigowar damina. An sami tiraikulosan, wanda ake sa wa sabulai da man wanke baki da sunan kashe ƙwayoyin cuta. Rijiyoyin da suka fi gurɓata su ne marasa zurfi, marasa kariya, a unguwannin talakawa. Shi wannan tiraikulosan, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu da jiki a 2016, saboda kamfanoni sun kasa tabbatar da cewa ya fi sabulu na yau da kullum amfani, ko cewa babu illa a dawwama a kansa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne zaiba, da ake sa wa wasu sabulai da mayukan bilicin. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma ba ta ruɓewa. Idan ta shiga ruwa takan rikiɗe ta taru a jikin kifi, wanda ya ci kifin ya ɗauka, mai juna biyu kuma ta isar da ita ga abin da yake cikinta. Haka ta faru a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da zaiba a teku. Da sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba, kuma a 2023 ƙasashen da suke cikinta suka amince da hana duk kayan shafawa masu zaiba daga 2025. Don haka 'yar'uwar da take bilicin ta sani cewa cutar ba ta tsaya a fatarta ba.

Yaya girman haɗarin yake?

A nan ne adalci ya wajaba. In ban da wurare irin su Patancheru, adadin da ake samu ƙanƙani ne ƙwarai. Maikirogiram ɗaya a lita daidai yake da a narkar da ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 a cikin jarkoki 20,000. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2012, ta ce abin da ake samu a ruwan sha da aka tace yawanci ya gaza mafi ƙarancin abin da likita yake rubutawa da fiye da ninki dubu, don haka da wuya ya yi wa mutum illa kai tsaye. Wannan ba irin gubar dalma ba ce da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Kada wani ya tashi daga nan ya ce an hana shan magani, ko ya ƙi kai ɗansa asibiti ko rigakafi. Neman magani umurni ne, kuma barinsa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Amma mu lura, rahoton ya fi dogara ne da ruwan famfo da aka tace a ƙasashen da suke da tashoshin tacewa. Mutumin ƙauye daga rijiya sai randa, babu wani shamaki a tsakani.

Babban abin tsoro kuwa shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayar cuta ta zauna a ruwa ko laka mai ɗan maganin da bai isa ya kashe ta ba, masu rauni su mutu, masu juriya su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu wannan juriya. Ranar da ɗayansu ta shiga jikin yaro, a ba shi sifro ko Septrin, sai a ga jiki ya ƙi sauƙi. Ƙididdigar da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ta nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. Tushen wannan musiba shi ne shan magani barkatai da ɗura wa dabbobi shi. Gurɓataccen ruwa kuma hanya ce da take yaɗa ta daga gida zuwa gida.

Akwai kuma abin da ya kamata iyayenmu mata su sani. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma lalle a ci gaba da yi, amma ba ya fitar da yawancin waɗannan sinadarai. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne kawai. Kulorin yana rage wasu. Abin da yake fitar da su sosai shi ne gawayin tacewa na musamman da manyan na'urori, waɗanda ƙauye ba shi da su. Ke nan abin da yake hannunmu shi ne mu hana su shiga tun farko. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, tazara tsakanin masai da rijiya. Ma'aunin da hukumomin lafiya da na agaji suke aiki da shi shi ne aƙalla mita 30, masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Mu fara da masallatanmu da makarantun Islamiyya, inda aka saba haƙa rijiyar alwala daf da bayi. Wanda zai yi sadaka mai gudana da rijiya ya nemi masani ya zaɓa masa wuri kafin a sa diga.

Na biyu, a ɗaure bakin rijiya, a yi mata murfi, a daɓe kewayenta da siminti, a fitar da magudana zuwa nesa, a kuma janye kwamin dabbobi daga jikinta. Tsohuwar rijiya a cike ta da ƙasa mai tsabta, kada a mayar da ita bola.

Na uku, ragowar magani kada ya shiga masai ko kwata ko juji, kada kuma a ƙone shi a fili, domin wutar kara ba ta kai zafin da ake bukata ba. A tara shi a mayar wa ma'aikatan lafiya. 'Yan agaji suna iya ɗaukar wannan aiki unguwa-unguwa, su miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Na huɗu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kada a saye shi sai da takardar ma'aikacin lafiya, a kuma sha shi yadda aka faɗa. Masu sayarwa su ji tsoron Allah a kan ribar da suke ci. Makiyaya da masu kaji su nemi malamin dabbobi, su nisanta allura da wankin kayan feshi daga mashaya, a kuma bar kashin kaji ya ruɓe sosai kafin a kai shi gona.

Na biyar, hukumomi. Muna kira ga hukumomin ruwa na jihohi su riƙa auna rijiyoyin da suke kusa da asibitoci da gidajen kaji da manyan bololi, a kuma hana masu kwasar sokawe juyewa a rafi. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko a kan ruwan da masana'antun irin waɗannan magunguna suke zubarwa. Ya dace hukumar NAFDAC da manyan masu shigo da magani su riƙa tambayar kamfanonin da suke saye a wurinsu ina suke kai nasu.

Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne, hanyar da ragowar magani take bi zuwa rijiya ita ce dai hanyar da amai da gudawa da taifot suke bi. A shekarar 2021 an sami mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Duk garin da ya gyara rijiyarsa ya nisanta masansa, ya toshe ƙofar cuta mai gaggawa da mai tafiyar hawainiya a lokaci guda.

Ya ku 'yan'uwa, rijiya amana ce ta gari duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Muna fatan kowane limami da malamin Islamiyya da yake wannan wuri zai isar da abin da ya ji ga jama'arsa, kuma kowane reshe zai zaga rijiyoyin garinsa da igiyar awo kafin faɗuwar damina. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya albarkaci ruwanmu da abincinmu, Ya sa mu zama masu kiyaye amana.